Auta Ya Shiga Daji: Tarihin Kai Fansa a Mafara da Bakura da Maradun

A ƙasarmu kowace sana'a da sarkinta. Akwai Sarkin Pawa, akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Aska, ranar Talata kuwa in ka shiga kasuwar Mafara kowa da layinsa da rumfarsa. Amma akwai wani tsohon aiki da ba shi da sarki, ba shi da rumfa, ba a gadonsa, ba kuma uwar da ta taɓa roƙon Allah ya ba ɗanta shi. Shi ne kai fansa: mutum ya ɗauki abin da dangi suka tara, ya bi sawun wanda aka kama, ya kai kansa hannun masu kamun da ƙafarsa, ya karɓo nasa in Allah ya yarda. Matasanmu na yau suna zaton 'yan bindiga ne suka zo da wannan abu. Kakanninmu sun san shi, har sun san hukuncinsa a littafi. Abin da yake sabo shi ne yadda aka sakar wa mai yinsa kayan shi kaɗai.

Ni a bakin kakata na fara jin labarin wannan aiki, a tsakar gidanmu a Bakura, lokacin da ban san labarin gaske ba ne aka sa masa rigar tatsuniya. Bayan an ci tuwon dare takan ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta. Dodo ya ɗauke wata yarinya a bakin gulbi. Yayyenta maza suka yi ta cika baki, kowa ya ɗauki kwari da baka, kowa ya kai bakin daji ya juyo. Sai Auta, wanda ko shawara ba a yi da shi, ya ƙulla ɗan gari a tsumma ya fita da asuba. Wani daren takan ce Autan nan ɗan aljana ne, shi ya sa bai wuce tsawon turmi ba, shi ya sa kuma yake gani cikin duhu. A gindin wata tsamiya ya iske tsohuwa, ta ce ya cuɗa mata baya. Ya durƙusa ya cuɗa, bai yamutsa fuska ba. Ita ce ta nuna masa hanya, ta kuma gindaya masa sharuɗɗa: in ya isa gidan Dodo ya yi gaisuwa tun daga nesa, kada ya ci abin da aka ba shi, kada ya yi gardama, in ya kamo hannun yayarsa kada ya waiwaya.

Duk tsawon labarin Auta bai zare wuƙa ba. Ladabi da iya baki da haƙuri su ne makamansa. Tatsuniyoyi masu wannan zubi suna da yawa a ƙasar Hausa, kuma wasu sun shiga littafi tun da wuri. Tsakanin 1911 da 1913 wani Baturen mulki, Frank Edgar, ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i uku, da yawa daga abin da ke ciki kuwa malaman ƙasar Sakkwato ne suka rubuta da ajami. Matan da suka riƙa faɗa wa jikokinsu irin waɗannan labarai a wancan zamani sun ga ranar da aka kama mutum a gona aka tafi da shi. Sun san cewa wata rana ɗaya daga cikin yaran da ke kwance a tabarma zai iya zama wanda za a tura.

Ƙasar Zamfara ta daɗe tana ganin kamu. A farkon shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka kafa Alkalawa, Zamfarawa suka watse kudu da yamma, kowane gari ya koma neman wanda zai jingina da shi. Inda sarauta ta raunana, hari yakan yi yawa. A cikin wannan hali Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shigo Zamfara da wa'azi a shekarun 1780, ya yi kimanin shekara biyar, kuma cikin wuraren da ya zauna akwai Faru, wadda ke ƙasar Maradun a yau. Mutanen da suka zauna gabansa a Faru sun san zafin a wayi gari babu ɗa ko mata, kuma cikin abubuwan da Shehu da almajiransa suka fi tsananta magana a kai akwai bautar da 'ya'ya Musulmi. Tun kafin su, a 1615, Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta fatawa a kan wannan mas'ala, ya lissafa Kano da Katsina cikin ƙasashen da bai halatta a mallaki mutanensu ba.

Jihadin kansa a kan kamammu ya tashi. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta faɗa wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, ta kwaso mutane. Da aka zo wucewa da su kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka tare hanya suka kwance su. Daga nan zama ya gagara, a watan Fabrairun 1804 aka yi hijira zuwa Gudu. Duk yaron da ya yi tarihi a firamare ya haddace wannan, amma ba kasafai muke tsayawa mu lura da abin da ya faru a hanyar nan ba. Waɗanda suka kwance mutanen Gimbana ba iyayensu ba ne, ba ƙannensu ba ne. Jama'a ce ta ga cewa ɗaurin da ke wuyan waɗancan a wuyanta yake.

Ba son rai ba ne ya sa su. Haka fiƙihun da suke karantawa ya tsara. Muhtasar na Shaihu Halil, wanda har gobe ake karanta shi a zaurukan Mafara da Maradun bayan an sauke Ishmawi da Iziyya da Risala, ya jera waɗanda nauyin fansar Musulmin da ke hannun abokan gaba ya hau kansu. Na farko baitulmali. In babu, dukiyar jama'ar Musulmi. In ita ma ta gagara, sannan a koma kan dukiyar shi wanda aka kama. Hukuma ce a gaba, jama'a na bin ta, gidan mutum shi ne na ƙarshe. A riƙe wannan jeri, domin shi ne ma'aunin da zan auna zamaninmu da shi.

Ba zan ce daular da aka kafa ta cika wannan ma'auni ba. Kasuwannin bayi sun ci gaba da ci, yaƙi kuma bai daina haifar da kamammu ba, kuma a cikin kakanninmu akwai waɗanda aka kama, akwai waɗanda suka kama. Garuruwan Zamfara sun sha tayar wa Sakkwato, Sakkwato ta sha zuwa da runduna. A 1891 Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba ya fito yaƙi da Mafara, ajali ya riske shi a Ƙauran Namoda, aka naɗa Abdurrahman ɗan Atiku, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, shi ya ƙarasa lamarin. Littattafan tarihi sukan tsaya a nan, su faɗi wanda ya yi nasara. Amma bayan kowace runduna ta koma gida akwai wata tafiya da ba a buga mata tambari, ta mazan da suka bi baya suna cigiyar nasu.

Yadda ake yi a wancan zamani shi ne, da farko a yi cigiya. Fatake su ne wayar wancan lokaci. Ayarin da ya taso daga Kano ko Katsina zuwa Jega da Gwanja yakan yada zango a garuruwan hanya, a gaya wa madugu kamannin wanda ake nema: tsagen fuskarsa, tabon da ke ƙafarsa, sunan uwarsa. Tsage a lokacin shaida ce, da shi ake gane ɗan wane gari ne, da shi dangi ke kafa hujja cewa wannan ɗa ne ba bawa ba. In labari ya dawo cewa an gan shi a gidan wane a gari kaza, sai a shiga tara wuri. Wuri kuɗi ne mai nauyi. Keso ɗaya wuri dubu ashirin ne, fansar mutum ɗaya kuwa tana cin keso da yawa, don wanda ya san dangi ne suka zo ba ya sayarwa a farashin kasuwa. Sai an nemi jakai, an nemi 'yan rakiya, sau da yawa an nemi takarda ko manzo daga sarkin gari zuwa sarkin can. In mai riƙon ya ƙi, akwai alƙali. Mai kai fansa na wancan zamani yana tafiya cikin haɗari, amma da sunan garinsa yake tafiya.

Muna da shaidar wadda ta gani da idonta. Baba ta Karo, wata tsohuwa mazauniyar ƙasar Zazzau, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. A ciki ta faɗi yadda mahara suka kwashe mata da yara na danginsu, yadda maza suka bi sawu, yadda aka yi ciniki da wuri, har cikin da ke jikin mace sai da aka yi masa kuɗi. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma, a littafinsa Shaihu Umar na 1934, ya ba da labarin uwar da ta fita neman ɗanta da aka sace, ita ma aka bautar da ita a hanya, ta ƙetare hamada, ba ta gan shi ba sai a ƙarshen ranta. Ƙagaggen labari ne, amma waɗanda suka fara karanta shi suna da irin wannan uwa a danginsu.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, kasuwar bayi ta mutu a fili. Dokar Gwamna Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne. Waɗanda ke cikin bauta kuwa aka bar musu hanyar fansar kai a gaban alƙali, mutum ya yi murgu ya tara ya biya, ko danginsa su biya masa, a ba shi takarda. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Turawa ba don tausayi kaɗai suka yi ba, suna son hanya ta yi lafiya don haraji da gyaɗa da auduga. Amma hanyar ta yi lafiya. Cikin shekaru kaɗan kai fansa ya fita daga rayuwar mutane ya koma bakin tsofaffi.

Iyayenmu a cikin wannan sauƙi suka tashi, mu ma mun ɗanɗana. Lokacin da kamfanin Impresit na Italiya ke gina madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, leburori daga ƙauyukan Maradun da Bakura da ƙafa ko da keke suke zuwa aiki tun duhun asuba. Masu zuwa cin kasuwar Talata sukan kwana a hanya, su shimfiɗa buhu a gindin itace. Da bazara kowa a ƙofar gida yake barci. Abin tsoron yaro a daji shi ne kura da aljanun tsamiya. Da wani ya ce mana za mu ga ranar da za a yi cinikin ɗan Adam ta waya, da mun ce ya taɓu.

Wajen 2011 abin ya fara da satar shanu da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya, ya zarce ya zama sana'a. Dazuzzukan da kakanninmu ke farauta, Sububu da Bayan Ruwa, suka zama masauki. Kwamitin da Gwamna Bello Matawalle ya kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Mohammed Abubakar ya ba da rahoton cewa daga 2011 zuwa 2019 an karɓi fiye da naira biliyan 3 daga dangin mutum 3,672 da aka sace a jihar Zamfara. Shekarar 2021 kuwa ta bi garuruwan nan uku ɗaya bayan ɗaya. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Mafara. A tsakiyar Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Waɗannan duniya ta ji, gwamnati ta tsaya, an sako su. Amma na ɗaiɗai, manomi a gonarsa, mace a hanyar biki, ba mai jin labarinsu sai gidansu.

Na ga yadda ake yi a gida ɗaya, gidan 'yan'uwanmu ne. An ɗauki matar gidan da damina. Da wayarta aka kira, aka faɗi kuɗin da ko an sayar da unguwar ba za a samu ba, aka shiga ciniki, yau a rage, gobe a yi barazana, jibi a sa ta yi kuka a ji. Aka sayar da shanun huɗa. Aka jinginar da gonar fadama. Shinkafar da aka ajiye don iri ta tafi kasuwa. Ranar Juma'a bayan an sallame aka shimfiɗa darduma a ƙofar masallaci, mai ɗari biyu ya jefa, mai dubu ya jefa. Da dare aka kulle ɗaki aka ƙirga, aka ɗaure da roba, aka zuba a buhun taki. Ban da kuɗi sun ce a haɗo da katin waya da taba da jarkar fetur.

Sai maganar wa zai kai. Mijin ba zai je ba, in ya je riƙe shi za a yi a nemi wanda ya fi. Manyan 'ya'ya kowa da mata da yara. Ido ya koma kan ƙaramin, wanda ko gemu bai tsayar ba, shi ne ya iya babur, shi ne in ya salwanta ba a bar marayu ba. Ba wanda ya furta haka, amma kowa ya san lissafin. Shi da kansa ya ce zai je. Kawunsa ya ja shi gefe ya ce masa, "Ka ji, ɗana. In ka tai, ka gaishe su tun daga nesa. Kada ka dubi idonsu. Abin da sunka ce duka, ce musu to. Kuɗɗi ba komi na ba, uwakka muka so." Yaron ya ce, "To, Kawu. A yi mani addu'a." Kawun bai san yana maimaita tsohuwar gindin tsamiya ba.

Sun gaya masa launin rigar da zai sa, da kukar da zai tsaya a gindinta, ya kashe babur ya cire hula. Ya ce waɗanda suka fito masa sa'anninsa ne, wani ma bai kai shi ba, bindiga na jan ƙasa a kafaɗarsa. Suka zaunar da shi a rana suka ƙirga kuɗin sau biyu, takarda guda da ta yage suka jefo masa suka ce ya musanya daga aljihunsa. Da la'asar aka fito da ita, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya zama a babur sai da ya ɗaure ta a bayansa da zanenta. Allah ya kawo su. Wasu da suka yi irin tafiyarsa an karɓi kuɗin an haɗa da su, wasu gawa aka nuna musu.

Abin da ya biyo baya shi ne ba a faɗa. Yaron ya daɗe ba ya barci. A shingen jami'an tsaro, da an kama shi da buhun kuɗi da jarkar fetur, da sunan mai kai wa ɓarayi kaya za a rubuta shi. A gari kuma, da ya sake raka wani maƙwabci don ya san hanya, sai aka fara raɗa cewa ko infoma ne, in ba haka ba me ya sa yake shiga yana fita lafiya. A watan Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, irin waɗannan yara ne suka riƙa tafiya har Sakkwato don su sami inda za su ji muryar nasu. A Afrilun 2022 Majalisar Dattawa ta amince da gyaran dokar da ya tanadi ɗaurin shekara 15 ga mai biyan kuɗin fansa.

Na fahimci hujjar masu wannan doka, kuma ba ƙarya suka yi ba. Kowane buhun kuɗi da ya shiga daji harsashi yake zama, kuma da shi za a zo a ɗauki na gaba. Ni ma ba ina cewa gwamnati ta buɗe baitulmali ta riƙa zuba wa 'yan bindiga ba. Abin da na karanta a jerin Shaihu Halil shi ne wanda nauyi ya fara hawa. Kuɓutar da kamamme aikin hukuma ne tun farko, ta tsare hanya kada a kama, in an kama ta bi, ta san sunan kowa da ranar da aka ɗauke shi. Mu kuwa mun kifar da jerin. Gidan mutum ne a gaba, maƙwabta da dardumar masallaci suna bi, hukuma ta zo a ƙarshe da takardar tuhuma. Hukumar da ba ta je ta karɓo uwar ba, da wane baki za ta ɗaure ɗan da ya je?

Akwai abin da ke hannunmu tun kafin Abuja ta motsa. Fadar Sarkin Mafara da ta Sarkin Burmin Bakura da ta Sarkin Kayan Maradun suna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane gida. Su buɗe littafi: wa aka ɗauka, yaushe, me aka sayar, wa ya kai, wa ya dawo, wa bai dawo ba. Wanda dangi suka tura, mai unguwa ya san da tafiyarsa, ya zama yana da mai shaidarsa in an tare shi ko an zarge shi, kamar yadda na dā ke tafiya da manzon sarki. Malamanmu na jami'a a Gusau da Sakkwato su zauna da waɗannan matasa su rubuta abin da suka gani tun suna tunawa. Ba don Baba ta Karo ta sami mai saurarenta ba, da abin da muka sani na fansar wancan zamani ya ragu ƙwarai. Gonakin da aka jinginar kuma, masu hali su taimaka a fanso su, domin gidan da ya karɓo mutum ya rasa gona bai gama fita daga hannun ɓarayi ba.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ba wanda ya cika wannan magana kamar yaron da ya hau babur ya nufi Bayan Ruwa da buhun taki a gabansa. Ya cancanci girmamawa, ba zargi ba. Amma jarumtakarsa ba abin alfaharinmu ba ce, shaida ce a kanmu, domin ƙasar da ke da gwamna da sarakuna da sojoji da alƙalai ba ta da uzurin tura autan gida. Wannan aiki ya taɓa mutuwa a ƙasar nan har tsawon rayuwar mutum guda, kuma abin da ya kashe shi a wancan karon hukuma ce da ta tsare hanya. Shi muke nema daga masu mulkinmu na yau, kuma haƙƙinmu ne.